Iri ko kwalba: wace hanya ta dace da ceton itatuwan magani a ƙasar Adar?

Mafi yawan kayan da masu maganin gargajiya ke bazawa a kan buhu a kasuwannin Tahoua da Illela da Badagishiri sassaƙe ne da saiwoyi, kuma waɗannan su ne sassan da itace ba ya jure rasa su. Madacin da aka sassaƙe gindinsa har aka kewaye shi yakan bushe a tsaye, sanyar da aka tone saiwarta kuwa da wuya ta sake tashi. Shi ya sa kirya da danya da marke, waɗanda dattawa ke ba da labarin suna nan bayan gari, a wurare da yawa yanzu sai an yi tafiya mai nisa ko an saya a hannun fatake. Duk ƙungiyar masu magani ko ƙaramar hukumar da ta samu ɗan tallafi don mayar da irin waɗannan itatuwa za ta tarar da shawara biyu a gabanta. Ma'aikacin gandun daji zai ce a tara iri a kafa wurin reno. Ɗalibin da ya dawo daga jami'a zai ce akwai dabarar da ta fi wannan sauri, wadda ake yanko ɗan toho a rene shi cikin kwalba a ɗakin bincike har ya haifi dubbai a shekara guda. Kowannensu yana da gaskiya, sai dai ba a kan itace ɗaya ba, kuma ba da kuɗi ɗaya ba.

Ra'ayina shi ne, a yanayinmu, iri ya kamata ya zama ginshiƙin aikin, a bar kwalba ga ƴan itatuwan da iri ya gaza a kansu. Dalilin farko bai ma shafi kuɗi ba, ya shafi abin da ake son cetowa. Galibi ƙwayar iri tana da uwa da uba, domin ƙudan zuma ko wasu ƙwari ko iska ne suka kawo garin fure daga wani itace, saboda haka tsiro ɗari da suka fito daga iri ɗari kowanne da halinsa: wani ya fi jure ƙishirwa, wani ya fi saurin girma, wani ƙwaro ba ya damunsa. Tsiron kwalba kuwa kwafin uwarsa ne, kuma dubu da aka fitar daga toho ɗaya, a wajen gado, itace ɗaya ne aka maimaita sau dubu. A ƙasar da ruwan shekara a kewayen Tahoua yakan tsaya ƙasa da milimita 400, ƙasar da ta ga farin 1973 da na 1984, wanda ya cika fili da kwafin itace ɗaya ya yi kamar manomin da ya tara hatsinsa duka a rumbu guda, gobara ɗaya ta ishe shi. Akwai ma itatuwan da wannan kuskure ke kashe zuriyarsu ba tare da fari ko cuta ba. Danya da kanya suna da namiji daban da mace daban, don haka gonar danya da aka cika da kwafin namiji ba za ta taɓa yin ɗa ba, wadda aka cika da kwafin mace kuma sai in akwai namiji a kusa.

Wannan fifiko na iri yana da sharaɗi, kuma a nan ne wuraren reno da yawa ke faɗuwa. Mai tara iri yakan je gindin itace ɗaya mai yawan ƴaƴa kusa da hanya ya cika buhu, abin da ya tara kuwa ƴan uwa ɗaya ne. Ƙa'idar da manyan ma'ajiyoyin iri ke bi ita ce a ɗebo daga uwaye aƙalla 50 in akwai su, waɗanda ke nesa da juna, don kada a tara dangi na kusa. Ƙungiyar ƙauye da ta samu uwaye 25 zuwa 30, da tazarar mita ɗari ko fiye a tsakaninsu, ta yi abin da ya kamata.

Iri kuma ba hali ɗaya gare shi ba. Bagaruwa da gawo da kirya da kalgo da kuka suna da ɓawo mai tauri wanda ruwa ba ya ratsa shi, kuma wanda ya shuka su haka nan zai yi ta ban ruwa har ya yanke ƙauna, alhali irin yana da ransa. Maganin wannan yana hannun kowa. A tafasa ruwa, a sauke shi daga wuta, a zuba irin bagaruwa a bar shi ya kwana. Da safe za a ga wasu ƙwayoyin sun kumbura sun yi laushi, launinsu ya ɗan koɗe, su ne suka sha ruwa kuma su za a shuka nan take. Waɗanda suka tsaya ƙanana masu ƙyalli sai a sake musu. Idan irin kaɗan ne, abin yanke farce ya fi ruwan zafi tabbas: a ɗan ɓantare ɓawon ta gefen da ke nesa da cibiyar ƙwayar, har farin ciki ya leƙo, ba tare da an raunata shi ba. Cibiyoyin iri sukan jiƙa mai tsananin tauri, irin na kirya da kuka, cikin ruwan asid mai ƙarfi, amma wannan aikin ƙwararru ne, bai kamata a kai shi ƙauye ba. Makiyaya ma sun daɗe da sanin cewa gawo yakan fito a inda dabbobi suka kwana, domin cikin akuya ya riga ya yi wa ƙwayar abin da ruwan zafi ke yi. Abin lura kawai shi ne ƙwaron da ke huda iri tun yana cikin kwasfa. Ƙwayar da ke da ɗan rami, ko wadda ta taso saman ruwan sanyi, yawanci babu komai a cikinta.

Irin wannan rukuni yana da wata falala da kwalba ba ta da ita, wato yana ajiyuwa. A 1973 masanin iri na Ingila E. H. Roberts ya raba iri gida biyu, mai jure bushewa da wanda bushewa ke kashe shi. Ga na farko, ƙa'idar da aka daɗe ana aiki da ita ta nuna cewa duk lokacin da aka rage laimar iri da kashi 1 cikin ɗari, ko aka rage zafin ma'ajiya da digiri 5, tsawon ransa yakan kusan ninkuwa. A kan wannan aka gina babbar ma'ajiyar irin tsirran daji ta lambun Kew a Ingila, wadda aka buɗe a 2000, inda ake busar da iri a ajiye shi a sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri, kuma da wannan dabara cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ke adana irin gero da dawa da gyaɗa. Mu kuwa iskar hunturu tana yi mana rabin aikin kyauta. Irin bagaruwa ko na kirya da aka shanya a inuwa, aka zuba a kwalba mai murfi da ɗan toka aka ajiye a ɗaki mai sanyi, yakan yi shekaru da ransa ko da kowa ya manta da shi.

Wani irin kuwa ba ya jira. Irin madaci, mai faɗi da ɗan fiffike, yana tsira da kyau cikin kimanin makonni biyu zuwa uku idan sabo ne, amma a zafin ɗakinmu ƙarfinsa yakan tafi cikin ƴan watanni, don haka ake tsinko ƙoƙon tun bai tsage gida huɗu ya watsar da ƴaƴansa ba, a shuka su a wannan ranin. Anza da kaɗanya sun fi haka gaggawa, domin bushewar da ke tsare irin bagaruwa ita ce ajalinsu, kuma dole a shuka su cikin kwanaki bayan an tsinko. Matsalar waɗannan ta tsari ce, ta sanin lokacin nuna da shirya tukwanen leda kafin lokacin, ba ta buƙatar ɗakin bincike. Waɗanda iri ya gaza a kansu da gaske ba su da yawa. Marke yana zuba ƴaƴa jingim, amma mafi yawansu holoƙo ne. Sanya, wadda ba a banza ake kiranta uwar magunguna ba, tana tsira jefi-jefi, kuma ɗan da ya fito yakan mutu wajen dashe saboda doguwar saiwarsa ba ta son taɓi.

Renon tsiro a kwalba ya samo asali daga tunanin masanin tsirrai na Ostiriya Gottlieb Haberlandt, wanda ya faɗa a 1902 cewa ƙwayar halitta ɗaya ta tsiro tana iya sake gina tsiron gaba ɗaya. A 1957 Skoog da Miller a Amurka suka nuna cewa gwargwadon sinadaran girma biyu, oksin da sitokinin, shi ke sa tsoka ta yi saiwa ko ta yi toho, sannan a 1962 Murashige da Skoog suka haɗa abincin da har yau mafi yawan ɗakunan bincike ke amfani da shi. Ana yanko ɗan reshe mai ido ɗaya wanda bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, a wanke shi da sabulu, a tsoma shi ɗan lokaci kaɗan a barasa mai ƙarfin kashi 70, a jiƙa shi a ruwan jabel da aka sirka, a ɗauraye sau uku da ruwan da aka kashe wa ƙwayoyin cuta. Abincin kuwa gishirin ma'adinai ne da bitamin da sukari giram 30 a kowace lita, da agar giram 7 ko 8, wani gari da ake samu daga ciyawar teku wanda ke daskarar da haɗin. Ana turara kwalabe da kayan aiki a tukunyar matsin tururi a zafin digiri 121 na minti 15 zuwa 20, a yi dashen a kan teburin da ke hura tatacciyar iska, sannan a jera kwalaben a ɗaki mai zafin digiri 25 da hasken fitila na awa 16 kullum. Duk bayan mako huɗu zuwa shida sai a buɗe, a raba tohon da suka fito, a mayar da su sabon abinci. Lissafin yana da daɗin ji: idan kowane toho ya ba da uku cikin mako shida, zagaye takwas, wato kusan shekara guda, zai ba da 6,561, ba tare da jiran damina ko lokacin fure ba.

A takarda ke nan. Sukarin da ke ciyar da tsiro yana ciyar da fumfuna ma, kuma ƙwayar ƙura ɗaya da ta shiga yayin buɗe murfi ta isa a ga farin gashi ya lulluɓe abincin cikin kwana uku ko huɗu. Wanda ya san ƙurar Tahoua a watan Janairu ya san girman wannan yaƙi. Tsofaffin itatuwan daji suna ɗauke da bakteriya a cikin jikinsu inda jabel ba ya kai. Sannan akwai wata wahala da ta keɓanta da itatuwan magani, wadda na ga ba a cika faɗa wa masu ba da kuɗi ba. Baurin da ke sa majema neman bagaruwa, wanda ke cikin abin da masu magani ke nema a sassaƙen itatuwa da yawa, shi ne ke tsattsafowa daga bakin yankan ya mayar da abincin baƙi kamar shayi mai kauri, har ya kashe tohon. Ana rage wannan da garin gawayi na musamman, ko bitamin C, ko ajiye kwalba a duhu, ko yawan sauya abinci, amma kowane itace sai an nemo masa nasa gwargwado ta hanyar gwaji, abin da kan ci watanni ko shekaru. Tohon tsohon itace kuma yakan ƙi yin saiwa sam. Don haka bincike da yawa a kan itatuwan Sahel yakan fara ne da tsirar da iri a cikin kwalba sannan a yanki jaririn, wanda ke nufin ba a rabu da buƙatar iri ba, kuma abin da aka kwafa ba uwar nan ba ce da masu magani suka shaida ƙarfinta.

Batun wuta ba ya buƙatar dogon bayani ga wanda ya yi Afrilu da Mayu a nan, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma wutar lantarki ke yawan ɗaukewa. Ɗakin da aka toshe don ƙura, idan na'urar sanyaya shi ta tsaya yini guda, yana iya dafa aikin shekara. Faifan hasken rana da batura suna magance wannan, amma kuɗinsu yana hawa kan na sinadaran da ake shigowa da su daga waje da albashin ma'aikacin da ba zai yiwu ya yi watanni ba ya nan ba. Tallafi yakan ƙare bayan shekara uku ko huɗu, kuma ranar da aka daina sauya abinci, abin da ke cikin kwalabe ya kama hanyar mutuwa.

Ko an tsallake duk wannan, saura fitowa waje. Tsiron da ya tashi cikin laima mai yawa yana da ganye marar kauri, ƙananan ƙofofin numfashinsa ba su iya rufewa da kyau ba, kuma ya saba da sukarin da ake ba shi. Sai an wanke agar daga saiwarsa, an dasa shi a ƙasa mai tsabta, an rufe shi da leda a inuwa, ana buɗewa kaɗan-kaɗan na tsawon makonni, kuma a wannan mataki ake yawan asara. Abin da ya fi damuna shi ne saiwar. Gawo ko kirya da ya fito daga iri yana tura saiwa ɗaya ƙasa tun kafin ya yi ganyen kirki, har mai reno ya riƙa ɗaga tukunyar leda duk bayan mako biyu ko uku don kada ta huda ta kama ƙasa, kuma wannan saiwa ce ke kai shi ga laima a watanni takwas ko tara da ba a ruwa. Tsiron kwalba, kamar na yankan reshe, yakan fitar da saiwoyi da yawa daga gindi waɗanda sau da yawa ba su nutsawa haka. A lambun fadama da ake ban ruwa wannan ba komai ba ne, amma a kan fakon duwatsun Keita ko Bouza yana iya zama abin da zai raba mai rai da matacce. Kwafin ma ba kullum yake fitowa daidai ba: a shekarun 1980 gonakin kwakwar manja a Malesiya sun dasa tsiron kwalba, sai bayan shekaru, da lokacin ƴaƴa ya yi, aka ga wasu furanninsu sun lalace ba su ba da mai.

Duk da haka akwai inda kwalba ba ta da na biyu, kuma rashin adalci ne a ɓoye shi. Dabino, da ke da namiji da mace kuma ɗan da ya fito daga ƙwallonsa ba ya gadon daɗin uwarsa, ana yaɗa shi da yawa ta wannan hanya a ƙasashen Larabawa da Maroko. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan tana adana rogo da doya da ayaba a kwalabe, domin ba ta iri ake noma su ba, kuma yanko ɗan ƙaramin kan toho yana raba tsiro da wasu cututtukan da uwarsa ke ɗauke da su. A wajen itatuwan magani, kwalba ta cancanci kuɗinta idan abin da ya rage a wani yanki ƴan tsiraru ne da suka daina yin iri mai rai, ko idan itacen irin sanya ne da saiwarsa ake nema kuma renonsa ta iri ke ba da wuya, ko idan irinsa ba ya ajiyuwa kuma ana son adana shi na dogon lokaci, abin da ake yi ta daskarar da toho ko ɗan tayin iri a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. Haka kuma idan manufar noma ce don sayarwa ga masu haɗa magani, waɗanda ke son kaya mai ƙarfi iri ɗaya kullum, kwafin zaɓaɓɓiyar uwa yana da amfani, kuma gonar da ta wadata kasuwa tana rage wa na daji sara. Sai dai a tuna cewa ƙarfin magani ba gado kaɗai ke ba da shi ba; ƙasa da ƙishirwa da shekarun itace da lokacin ɗiba duk suna da hannu, kuma masu magani da ke fifita sassaƙen itacen tudu a kan na fadama ba su rasa hujja ba. Sai an auna a ɗakin bincike kafin a ce kwafin da aka shayar a lambu ya kai uwarsa.

Tsakanin hanyoyin biyu akwai wasu masu araha da ake tsallakewa. Dashi da hano da danya suna kamawa idan aka sari babban reshe aka kafa shi a ƙarshen rani. Sabara da geza da kalgo suna tohowa daga kututture, kuma sassaben zamani, wato barin tohon kututture a gona a rene shi, wanda ya bazu daga Maraɗi tun 1983, ya mayar da itatuwa a fili da aka ƙiyasta ya kai kadada miliyan 5 ba tare da tukunyar leda ko ɗaya ba. Amma yana dawo da abin da kututturensa ko irinsa ke ƙasa ne kawai. Inda kirya ta ƙare ƙaf, sai an kawo ta.

Kowace hanya aka bi, tsiron zai gamu da akuya ɗaya da rani ɗaya. Jerin itatuwan bedi da aka fara dasawa don kare iska a kwarin Majiya a 1975 sun rayu ne saboda an sa masu gadi a shekarun farko, kuma aikin Keita da ya fara a 1984 ya haɗa dashe da ramukan tare ruwa. Ƙungiyar da ke da kuɗi kaɗan, a ganina, ta kashe shi a kan rijiya ko hanyar ruwa don renon watannin Maris zuwa Yuni, da tara iri daga uwaye masu yawa, da tassa ko gandarin rabin wata a wurin dashe, da shinge da gadi na rani uku, ta kuma zauna da masu magani a yi yarjejeniyar sassaƙar gefe ɗaya na gindi da barin babbar saiwa. Dashen ranar 3 ga Agusta, ranar bikin dashen itace ta ƙasa, yana da kyau, amma ƙidayar da ke da ma'ana ita ce ta watan Mayu mai zuwa.

Kafa ɗakin renon kwalba kuwa aikin jami'a ne ko na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, inda ake da ma'aikata na dindindin da ɗalibai masu neman abin bincike, kuma abin da ya dace ƙungiya ta yi shi ne ta kai musu itace ɗaya ko biyu da ta gwada ta iri da ta reshe ta kasa. Kafin ta sa hannu a kan kuɗi, ta tambayi daga uwaye nawa za a ɗebo tohon, ko daga manyan itatuwa ne ko daga jariran iri, wa zai ɗauki nauyin saba wa tsiron da iskar waje, kuma ta nemi a rubuta adadin da za a biya a kan tsiron da ya cika shekara guda a fili da ransa, ba a kan yawan tohon da ke cikin kwalba ba.